Zauren WhatsApp ko buɗaɗɗen shafi ga ƙungiyar masu sankarar mama

Ƙungiyar matan Hausawa a Makka ko Jidda takan fi sakewa a zauren WhatsApp. Can ake aika saƙon murya, a yi tambaya kan zubewar gashi bayan shan magani ba kunya. Sai dai zaure ba ya wuce mutum 1,024, Google ba ya ganinsa, kuma lambar kowa a fili take. Hoton sakamakon gwaji ya fita, shi ke nan.

Shafin Facebook kuwa baƙuwa ma za ta lalubo shi, muddin an rubuta sunan cutar da Hausa da Larabci. Amma ba mai tona cikinta a can, ga masu tallan maganin gargajiya sun cika wurin sharhi, sai an sa mai sharewa kullum.