Dok na hannu ko sabon hob mai rami takwas? Amsa ga mai Latitude 7490

Ɗan'uwa mai Dell Latitude 7490, wanda ya ce yana son jona monita biyu a teburin aikinsa, batirinsa kuma ba ya cika in yana aiki, ya rasa wanda zai ɗauka tsakanin dok WD19 na hannu (akwatin Dell mai cajarsa da ake jona monita da sauran kaya a jikinsa) da sabon hob ɗin USB-C ɗan kwali (ɗan abin da ke raba ramin kwamfuta ɗaya zuwa ramuka da yawa): wa alaikumus salam. Malam, ka sayi dok ɗin. Na mallaki duka biyun, ɗaya yana kan teburina yanzu haka, ɗayan yana cikin durowa tare da matattun cajoji.

Nawa dok ɗin shekara uku ke nan a hannuna. Na same shi da ƙarzuwa a gefe, ga wata takardar lamba manne a ƙasansa, alamar wani ofishi a Turai ya gama cin moriyarsa kafin ya iso gare mu. Lissafin 'yan kasuwa nake yi, kuma duk wanda ya san ƙarshen wata ya san yadda ake buɗe tebur ɗin kaya a allo ɗaya, na bashi a ɗayan, ido yana kai-komo har magariba. Da safe in na shigo ko murfin kwamfutar ba na ɗagawa. Waya ɗaya nake sokawa a gefenta, in danna maɓallin da ke saman dok ɗin, sai monita biyu su farka, kibod da linzami su kama, firinta ta amsa, intanet ɗin waya ya shigo, batir kuma ya fara shan wuta. In zan tashi, wayar nan ɗaya nake zarewa in jefa kwamfutar a jaka. Akwai ranar da wani babban abokin ciniki ya zo duba lissafinsa, dattijo ne wanda ba ya yarda da abin da bai gani da idonsa ba. Na juya masa monita ɗaya, ni ina kan ɗayan, muka bi layi-layi har muka gano inda aka rubuta buhu ɗari sau biyu. Da zai tafi, maimakon ya yaba mini, sai ya tsaya yana shafa ɗan baƙin akwatin yana tambayar ko shi ne ya gano kuskuren. Ban musa masa ba.

Hob ɗin kuwa, a bar shi da alherinsa guda: ƙarami ne, yana shiga aljihu, kuma ba ya neman soket nasa. In tafiya za ka yi ka nuna wani abu a majigi, zai fitar da kai kunya.

Abin da ya haɗa ni faɗa da shi shi ne ainihin ciwon da kake kuka da shi, don haka bari in tsaya a nan. A jikin kwalinsa an rubuta wat 100 da manyan baƙaƙe. Na ɗauka wutar da zai ba ni ke nan. Ashe hob ba shi da wutar kansa ko ta sisin kwabo, hanya ce kawai. Abin da ka zuba masa shi yake miƙawa, bayan ya cire ladansa. Yawancinsu suna riƙe wat 10 zuwa 15 don ciyar da ramukansu. Ka ga in cajarka ta USB-C mai wat 65 ce, abin da zai isa kwamfutar wajen 50 ne. In tana zaune ba ta komai, batir zai riƙa hawa a hankali kamar hawainiya. Da zarar ka buɗe manyan fayiloli, ka haɗa da kiran bidiyo, sai ka ga alamar caji a ƙasa amma lambar tana tsaye ko tana sauka. Ni har na fara zargin batirina, na kusa canza lafiyayyen batir saboda laifin wani.

Ga kuma maganar kebul. Wayar USB-C ta gama-gari amfiya 3 take ɗauka, a bolt 20 kuwa wat 60 ke nan, ba ƙari. Sai wadda aka saka wa ɗan ƙaramin guntun lantarki a kanta, mai amfiya 5, ita ce ke kai wat 100. A ido duk kamarsu ɗaya. Saboda haka kana iya sayen babbar caja, ka jona ta da siririyar waya, ka zauna kana tsine wa cajar.

WD19 da tasa katuwar cajar yake zuwa. Iri biyu ne: mai wat 130, wanda ke ba kwamfutar Dell wat 90, da mai wat 180, wanda ke ba ta 130. Taka kwamfutar wat 65 take so, don haka ƙaramin ma ya ishe ka har da rara. Kada wani ya tsorata ka ya ce 90 zai ƙona ta. Kafin wuta ta gudana, kwamfutar da dok ɗin sai sun yi ciniki a tsakaninsu, ita ce ke faɗin abin da take so, abin da ta nema kawai ake ba ta.

Batun monita biyu ma akwai tarko. Hob da yawa masu ramin HDMI da na VGA hoto ɗaya suke kwafawa zuwa allo biyu. Wato abin da ke dama shi ne a hagu, kamar madubi. Mai shago zai jona maka duka biyun, su kawo haske, ya ce ka gani ai suna aiki. Kai kuwa so kake ka ja fayil daga wannan allo ka ajiye a wancan. Dok ɗin yana da ramin DisplayPort biyu da HDMI ɗaya, kuma a kan 7490 zai ba ka monita biyu kowanne da nasa hoton a 1920 da 1080, sumul. Abin da ba zai ba ka ba shi ne 4K guda biyu. Wannan iyakar ramin kwamfutarka ce, 4K ɗaya ma a hoto 30 cikin daƙiƙa zai tsaya, linzami yana tafiya kamar mai ɗingishi. In dai monitocin ofis ne irin namu, ba ruwanka da wannan.

Don kada a ce na zalunci hob: kana iya barin cajarka mai zagayen baki a raminta, ka jona monita ɗaya a HDMI ɗin jikin kwamfutar, ɗayan a hob. Zai yi aiki. Na yi wata huɗu a haka, waya uku kullum safe da yamma, ga hob ɗin yana reto a gefe yana jan ramin USB-C ƙasa, ga zafin da yake ɗauka a watan Afrilu har ba ka son taɓa shi. Lokaci-lokaci monitan ya yi baƙi na daƙiƙa biyu ya dawo. Ramin nan a jikin babban allon cikin kwamfutar yake a like, in ya yi lako-lako gyaransa ba na ɗan ƙaramin kuɗi ba ne. Araha ba ta ado.

To amma kafin ka kai hannu aljihu, ka ba ni minti goma, domin in ciwon a batir yake ko a caja, dok ba zai warkar da shi ba. Ka kashe kwamfutar, ka jona cajarka, ka kunna kana danna F2 har ka shiga BIOS, wato shafin saitin kwamfutar da ke zuwa kafin Windows. Ka nemi shafin bayanin batir. A can za ka ga an rubuta ƙarfin cajar da ke jone. In ka ga 65W, cajar ta gabatar da kanta. In ka ga "Unknown", ka kama ɓarawon. Cajar Dell tana da wata siririyar allura a tsakiyar bakinta, ta nan take gaya wa kwamfutar ko ita wace ce. In allurar ta lanƙwashe, ko wayarta ta tsinke a ciki, ko cajar jabu ce, kwamfutar za ta kunnu amma ta ƙi cajin batir, ta kuma rage gudunta da gangan. Mutane nawa suka kai kwamfuta a goge musu Windows saboda nauyi, alhali allura ce ta karkace.

Daga nan ka shiga Windows, ka buɗe baƙin allon umarni (Command Prompt), ka rubuta powercfg /batteryreport. Zai ajiye maka rahoto. Lamba biyu za ka kwatanta: "Design Capacity", abin da batirin ke ɗauka yana sabo, da "Full Charge Capacity", abin da yake iya ɗauka yau. Babban batirin 7490 na wat-awa 60 ne, ƙaramin na 42. In ta biyun ta faɗo ƙasa da rabin ta farko, batirin ya tsufa, komai dok ɗin da ka saya. Sannan ka leƙa saitin caji a BIOS. Kwamfutocin da suka fito daga ofisoshin waje sau da yawa an saita su su tsaya a kashi 80 ko makamancin haka don batir ya daɗe. In nan taka take tsayawa kullum, ba cuta ba ce, gata ne aka yi mata. Ni da kaina na saita tawa a haka tunda yini take a jone, ga zafin garinmu da ke cinye batir fiye da komai. Abu ɗaya ne ba a jira da shi: in ka ga wurin shafa yatsa ya ɗago, ko murfin ƙasa ya buɗe baki, batirin ya kumbura. Ka daina cajinsa yau, kada ka danna shi, kada ka huda shi.

Ba ka tambaye ni ba, amma zan faɗa, saboda a nan ake yanka mutane. Kada ka sayi dok ɗin nan ta hoto. Ka ɗauki kwamfutarka ka je da ita. Dabarar da ta fi yawa ita ce a raba dok da cajarsa ta asali, a sayar da ita daban, a haɗa maka da wata mai sabuwar takarda a jiki. Ka ɗaga ta a hannu. Ta gaske tana da nauyi, jabun kuwa fayau kamar kwalin ashana. Ka yi sa'a bakin cajar WD19 iri ɗaya ne da ramin cajin 7490, don haka ka zare ta daga dok ɗin ka soka kai tsaye a kwamfutarka, ka duba BIOS: dole ta ce 130W ko 180W daidai da abin da ke rubuce. Wasu jabun sun koyi yin ƙarya a nan ma, shi ya sa za ka bar ta tana aiki minti goma sha biyar ka ji zafinta, ka saurara ko tana tsuwa. Ka juya dok ɗin ka karanta lambarsa da idonka, domin akwai masu miƙo tsohon WD15 su ce ai duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Ka murza wayar USB-C ɗin a hankali daga wuyanta yayin da monita ke kunne, in hoto ya ƙifta, ka ajiye musu kayansu. Ka gwada kowane rami da filashi. Wanda ya ce maka babu wuta a shago, ka je gida ka gwada in bai yi ba ka dawo da shi, ka ce masa za ka jira a tada janareta. In ya ɓata rai, ka riga ka sami amsarka. Batir ma haka: lambar babban ita ce F3YGT, kuma kalmar "orijina" a bakin mai sayarwa ba ta da kuɗin haraji. A saka shi a gabanka, ka sake fitar da rahoton nan kafin ka biya.

Aibin dok ɗin da ya kamata ka sani shi ne bawan soket ne. Ana ɗauke wuta zai mutu tare da monitocin, duk tagoginka su tattaru a ƙaramin allon kwamfuta. Wannan ba komai. Abin tsoron shi ne in kana kwafar aiki zuwa hadis ɗin waje (hard disk, ma'ajiyar fayiloli) da ke jone a dok ɗin, sai a yanke shi a tsakiya. Sau ɗaya ya faru da ni lokacin da ake juyawa zuwa janareta, na rasa aikin yini. Tun daga ranar hadis a jikin kwamfutar nake soka shi, dok ɗin kuma na mayar da shi layin inbata. In ba ka da inbata, ko ɗan ƙaramin UPS ka sa masa, ko aƙalla soket mai kare hawan wuta.

Wata rana kuma zai yi maka gardama, ka jona shi monita ya ƙi kawowa. Kada ka firgita. Ka zare shi daga kwamfutar, ka zare cajarsa, ka danne maɓallinsa na rabin minti, ka mayar da wuta tukuna sannan kwamfutar. Sau biyu ya yi mini haka a farkon zuwansa, da na sabunta manhajar cikinsa da BIOS daga shafin kamfanin ban sake gani ba. Wannan sabuntawar ka yi ta lokacin da batir yake cike kuma wuta take tsaye, ba lokacin da mai janareta yake cewa man ya kusa ƙarewa ba.

Ka nemi mai wat 130, ya fi sauƙin kuɗi kuma ya ishe ka. In monitocinka HDMI kawai suke da shi, ka haɗa da wayar DisplayPort zuwa HDMI guda ɗaya tun a shagon, kada ka koma gida ka tarar rami ɗaya ne ya dace. In kuma duk da haka zuciyarka tana kan hob, kada ka kashe kuɗinka, ka yi mini magana ta gefe ka zo ka ɗauki nawa.