Abin da ya sa gawa ke kwana a Amurka

Salamu alaikum Yaya Malam, da fatan kana lafiya, ya su Inna da yara, ya zafi. Ka tambaye ni yadda aka yi bawan Allah ɗin nan mutumin Maraɗi da ya rasu a nan ya kwana uku ba a binne shi ba, har ƴan uwansa can gida suna ganin kamar mu ne mukai sakaci. Wallahi ba sakaci bane, tsarin ƙasar ne haka, kuma gara in maka bayani a rubuce ka karanta musu don a waya ba zai shiga ba.

Nan jihar Ohio an raba ta kaunti-kaunti har 88, kaunti kamar ƙaramar hukuma ce a wajenmu, kuma kowacce tana da ofishin mai binciken gawa. Zaɓensa ake yi da ƙuri'a duk shekara 4 kamar yadda ake zaɓen ciyaman, sai dai doka ta ce dole ya zama likita mai lasisi. Kaunti biyu ne suka fita daban, ta Cleveland da ta Akron, su naɗa nasu suke yi. A wasu jihohin ma ba sai likita ba, a Nebraska lauyan gwamnati na kaunti ne ke riƙe da aikin, a yawancin kauntin Kalifoniya kuma shugaban ƴan sandan kaunti ne. Daga Ingila suka gaji abin, can ya faro tun 1194.

Ba kowace gawa ce ake kai musu ba. Tsoho da ya daɗe yana jinya ya cika a asibiti a hannun likitansa, wannan likitan ne zai sa hannu a takarda shikenan. Amma wanda ya mutu a hatsarin mota, ko aka harbe shi, ko ya kashe kansa, ko ya faɗi haka kawai alhali jiya lafiyarsa ƙalau, ko aka tsince shi shi kaɗai a ɗaki, toh wannan gawar ta koma hannun ofishin, ba ka da ikon ɗaga ta ko da ubanka ne. Mutuminmu a ɗaki aka same shi da safe bai fito aiki ba, shekarunsa basu kai hamsin ba kuma ba shi da likitan da ya san ciwonsa, kaga kuwa dole ta bi ta can. Suna turo mai bincike ya ɗau hoto, ya duba magungunan da ke ɗakin, ya tambayi maƙwabta yaushe aka ganshi na ƙarshe, sannan motarsu ta ɗauke shi zuwa mutuwarensu. Su ne kuma ke tabbatar da ko wanene mamacin, su nemo danginsa su sanar da su, kayan aljihunsa kuwa har tsabar kuɗi sai an rubuta an sa hannu kafin a miƙa.

Inda abin ya fi mana ciwo shine feɗe gawa. Mu dai mun san karya ƙashin mamaci kamar karya na mai rai ne, ranar nan ba wanda ya iya cin abinci a cikinmu. Amma dokar Ohio ta bar ƙofa: in dangi suka nuna feɗewar ta saɓa wa addinin mamaci, likitan ba zai yi ba sai in ya ga lalura ce babba ta jama'a, in ma ya ga hakan sai ya dakata awa 48 don dangi su samu damar zuwa kotu. In ana zargin kisan kai ne to wannan ƙofar a rufe take, ba ruwansu da roƙon kowa. Limaminmu ya kira su ya yi bayani, suka saurare shi da mutunci, suka duba jikin ta waje suka ɗibi jini da sauran abin gwaji suka sake mana shi ba a yanka ba, alhamdulillahi. Kuma duk aikin nan ko sisi basu karɓa a hannunmu ba, harajin mutanen kaunti ne ke biya.

Kuɗin yana gaba. A gida mutum ya rasu da asuba kafin azahar an yi wanka an sa likkafani an ɗora a makara, samarin unguwa sun haƙa kabari, abin da za ka kashe bai wuce yadi da turare da ɗan abin da za ka ba masu gadin maƙabarta ba. Nan kuwa kabarin ma saye ake yi, haƙawa da inji kuɗi, kamfanin masu hidimar jana'iza da zai ɗauko gawar ya cike takardun izinin binnewa kuɗi, maƙabartu da yawa kuma sai sun sa an saka wani akwatin siminti a ramin, haka dai kafin ka ankara dubban daloli sun tafi. Karo-karo mukai a masallaci, ƴan Somaliya da ƴan Senegal da ƴan Gana duk sun sa hannu, Allah ya saka musu. Maganar a kawo shi gida kuwa mu muka ba da shawarar a bari, don sai an ɗura masa sinadarin hana ruɓewa, ga takardun ofishin jakadanci ga kuɗin jirgi, a ƙara masa kwanaki a banza. A wannan fannin ni dai ban ga abin da ya kai namu ba, gaskiya.

Amma Yaya akwai abin da ya tsaya min a rai. Duk gawar da ta shiga ofishin nan sai an rubuta me ya kashe ta, sannan a rubuta ta wace hanya cikin biyar: ciwo ne, hatsari ne, kisa ne, kashe kai ne, ko ba a gano ba. Da waɗannan takardun ne suka san cewa ƙwaya, musamman fentanil, ta riƙa kashe sama da mutum 100,000 a shekara a faɗin Amurka daga 2021 zuwa 2023, suna kuma raba maganin farfaɗo da wanda ya sha ya wuce kima. Mu kuwa sai ka ji ance ciwon ciki ne ya rasu, ko gajeriyar rashin lafiya, an wuce wajen. Kwana ya ƙare gaskiya ne, ba mai ja da wannan, amma sanin sababi ai bai taɓa imanin kowa ba. Ka tuna Kano a watan Afrilun 2020, masu haƙa kabari ne suka fara cewa gawarwaki sun yi yawa, sai daga baya aka bi gida-gida ana tambayar iyalai, ministan lafiya na lokacin Osagie Ehanire ya ce mutum 979 ne kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari na da alaƙa da annobar korona. Ka tuna Zamfara a 2010, yara sama da 400 gubar dalma ta kashe a ƙauyukan masu haƙar zinare, ana ta binnewa ana cewa zazzaɓi ne kafin likitocin ƙungiyar agaji ta MSF su gano. Dokar binciken gawa muna da ita fa tun zamanin Turawa, majistare ne ke zama a kai, Legas ma ta sabunta tata a 2007, amma a unguwarmu ka taɓa jin an kira wani don an tsinci gawa a ɗaki? Ni ba feɗe mutane nake so a fara ba, so nake a samu ma'aikacin lafiya ɗaya a kowace mazaɓa da zai zo kafin a fita da makara ya duba ya yi tambaya ya rubuta, rabin awa ta ishe shi.

Sakamakon gwajin jinin yakan ɗau makonni, don haka takardar shaidar mutuwar da muke da ita yanzu an rubuta ana jiran sakamako ne a wajen sababi. Sai cikakkiyar ta fito inshorar wajen aikinsa za ta saurare mu, shi ya sa dan Allah ka faɗa wa ƙaninsa su ƙara haƙuri kar a fara rabon gado tukuna. Su turo min hoton takardar aure da takardun haihuwar yaran uku ta WhatsApp, a ɗauka da rana yadda rubutun zai fito sosai. Ka miƙa ta'aziyyata ga mai takaba, Allah ya jiƙansa ya sa ya huta. A gaida Inna, maganin ƙafarta na ba Alhaji zai taho da shi ƙarshen wata.