Kaskon wuta ko murhu mai bututu?

Da hunturu, a ƙauyukan Ringim da Bichi, kaskon wuta aka sani. Yana da araha, amma hayaƙi kan turnuƙe ɗaki, tartsatsi ya kama katifa. Mafi muni garwashin gawayi a rufaffen ɗaki: yana fitar da iska mai guba marar wari, a kwanta a kasa tashi.

Murhun ƙarfe mai ƙofa ya fi tsada, sai dai bai kai kasko cin itace ba. A ɗora shi kan bulo, taku uku daga labule, bututunsa ya fita ta bango ya zarce rufi. Busasshen itace kawai. Ɗanye kunkunniya yake tarawa, bututu ya toshe, hayaƙi ya dawo. Mai yara ya zaɓi wannan, ya kange shi, kuma kada a rufe taga ruf.