Jirgin Okokomaiko na tafe: ina ya dace ka kama ɗaki ko shago?

Duk wanda ya bi titin Legas zuwa Badagry a 'yan kwanakin nan ya ga aikin da idonsa. Ana shimfiɗa layin dogo a tsakiyar hanya daga Mile 2, za a kai shi Okokomaiko. Shi ne kashi na biyu na Blue Line, layin jirgin cikin gari na Legas, tsawon kilomita 14, da tashoshi shida: Festac, Alakija, Trade Fair, Volkswagen, LASU da Okokomaiko. Jirgin bai iso ba, amma ya riga ya shiga bakin dillalai. Ka tambayi kuɗin ɗaki a Iyana Iba ko shago a wajen Volks, kafin a gaya maka ko akwai ruwa a gidan, za a ce maka ai jirgi na zuwa.

Mutanenmu da ke neman abinci a wannan yanki ba kaɗan ba ne. Akwai masu dabbobi, masu kayan gwari, 'yan canji, 'yan dako, masu gadi, masu shayi da burodi. Yawancinsu kuɗin hayar shekara shi ne babban kuɗin da suke fitarwa a dunƙule, wani sai ya yi adashe na watanni kafin ya haɗa shi. Don haka shawarata tun daga farko ita ce, kada ka biya kuɗin jirgin da bai fara ɗaukar fasinja ba. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki.

Dalilina yana cikin tarihin layin kansa. Tun 1983 gwamnatin Lateef Jakande ta ƙaddamar da shirin jirgin cikin gari a Legas, gwamnatin soja ta soke shi a 1985. Blue Line ɗin da muke gani yau an fara gina shi ne a zamanin Babatunde Fashola, ana sa ran kammalawa cikin 'yan shekaru, amma sai a watan Janairun 2023 Shugaba Buhari ya zo ya buɗe kashin farko, kilomita 13 daga Marina zuwa Mile 2. Ko bayan bikin buɗewar, sai ranar 4 ga Satumban 2023 aka fara ɗaukar fasinja, wato an ƙara wata bakwai da 'yan kwanaki. Red Line, ɗayan layin jirgin na Legas, shi ma haka: Shugaba Tinubu ya buɗe shi ranar 29 ga Fabrairun 2024, fasinja mai biyan kuɗi bai hau ba sai 15 ga Oktoba. A Abuja an buɗe nasu a Yulin 2018, ya tsaya a 2020 lokacin korona, bai dawo ba sai Mayun 2024. Ban kawo wannan don in ce jirgin Okokomaiko ba zai zo ba. Zai zo in Allah ya yarda, aikin ya yi nisa. Sai dai tsakanin yanke ƙyalle da ranar da za ka tsaya a tasha da katinka a hannu akwai watanni, kuma mai gida ba zai mayar maka da kuɗin waɗannan watanni ba.

To, ga wuraren da mutum zai auna.

Na farko shi ne yankin da ake jira, daga Trade Fair zuwa Okokomaiko. Abin da ke jan mutane can a fili yake: haya ta fi sauƙi idan aka kwatanta da cikin gari, ga manyan kasuwanni a kusa, ga 'yan'uwa, ga masallatai. Wanda sana'arsa take nan, a Trade Fair ko kasuwar Alaba ta Ojo, shi ba ruwansa da jiran jirgi, ya kama wuri kusa da aikinsa ya huta. Wanda ya kamata ya yi hattara shi ne mai aiki a tsibirin Legas, wato Idumota, Balogun ko Obalende, wanda ke son komawa Okoko da tunanin gobe zai riƙa shiga jirgi. Kafin goben nan ta zo, kullum sai ya shiga danfo ko babbar bas zuwa Mile 2, ya sha gosulon Alakija da na Iyana Iba, safe da yamma. Idan ka ga ɗaki a can da farashin da ya dace da unguwar a yadda take yau, ka kama. Idan an ɗora masa kuɗin jirgi, ka bar shi.

Akwai kuma maganar rusau, wadda ta fi komai damuna a wannan yanki. Duk inda layin dogo ya bi, ƙasar gefensa daraja take yi, idon gwamnati kuma ya dawo kanta. A watan Mayun 2022 gwamnatin jihar ta ba mazauna Alaba Rago, kasuwar dabbobi da ke Ojo, wa'adin kwana 14 su tashi, daga baya kuma katafila ta shiga. Mutanen da suka shekara da shekaru a wurin sun ga rumfunansu a ƙasa. Don haka idan za ka kama shago a bakin babban titi, kada ka tsaya a kan maganar dillali. Zagaya ginin ka duba bango, ko akwai jan fenti da aka zana alamar gicciye ko aka rubuta lamba da kwanan wata. Wani mai gidan yakan shafe ta da sabon fenti, sai ka ga wuri guda ya fi sauran bangon haske. Ka tambayi mai shayin da ke gefe, da mai faci, ko jami'ai sun taɓa zuwa da abin awo. Su suke wuni a wurin, sun fi kowa sani. Rumfar da ke ƙarƙashin gada, ko kan magudanar ruwa, ko ƙarƙashin manyan wayoyin wuta, ko da kyauta aka ba ka, kada ka zuba jarinka a ciki.

Na biyu shi ne inda jirgi ke aiki yanzu: Mile 2, Suru-Alaba, Orile Iganmu, National Theatre, Marina. Nan ba alkawari ba ne, za ka iya zuwa gobe ka gwada. Jirgin na lantarki ne, yana kan hanyarsa shi kaɗai, ba ruwansa da tirela ko tankar da ta lalace a hanya, kuma tafiyar da kan cinye awa ɗaya ko fiye a mota yana yin ta cikin kamar minti 20. Ya fara da sawu 12 a rana, aka kai shi 54, daga baya 72. Kuɗin da aka sa tun farko naira 750 ne daga ƙarshe zuwa ƙarshe, aka rage rabi na wani lokaci saboda cire tallafin mai. Farashi yana canzawa, ka tambaya a tasha kafin ka yi lissafi. Ga mai aiki a tsibiri, a ganina wannan zaɓin ya fi kowanne. Haya ta fi ta Okoko tsada, ɗakunan sun fi matsuwa, wasu lungunan Orile da Suru ruwa yana cin su da damina. Amma abin da ka biya shi ka samu.

A kula da abu ɗaya da ke ruɗa baƙi: tashar Suru-Alaba tana kusa da Mile 2 ne, ba ita ce ke kai mutum babbar kasuwar kayan lantarki ta Alaba da ke Ojo ba. Tsakaninsu akwai tafiya mai nisa. Ko idan kashi na biyu ya fara aiki, kasuwar Ojo ba a bakin layi take ba, sai ka sauka ka ƙara hawa wani abin zuwa ciki.

Na uku Agege ne, a kan Red Line, mai tsawon kilomita 27 daga Agbado zuwa Oyingbo, ta Iju, Agege, Ikeja, Oshodi, Mushin da Yaba. Ga Bahaushe mai iyali, Agege tana da abin da sauran ba su da shi. Zango ne tsoho, da sarkinsa, da makarantun allo da na Islamiyya, ga mahauta ta Oko-Oba a kusa. Matarka ba za ta yi kewar gida sosai ba, yaranka za su tashi da Hausa a baki. Amma jirgin nan ba irin Blue Line ba ne. Da man dizal yake tafiya, yana raba hanya da jirgin Legas zuwa Ibadan, kuma ya fara ne da 'yan sawu kaɗan safe da yamma, a kan naira 1,500 daga Agbado zuwa Oyingbo. Ya dace da ma'aikaci mai ƙayyadadden lokacin fita da dawowa, mai aiki a Ikeja, Oshodi ko Yaba. Ɗan kasuwar da ba ya rufe shago sai ciniki ya yanke, ya duba jadawali da kyau, kada jirgin ƙarshe ya riƙa barinsa. Kuma a Oyingbo yake tsayawa. Mai zuwa Idumota sai ya sake shiga mota ta Iddo ya haye gadar Carter.

Masu kasuwar Mile 12 kuwa, babu ɗaya daga cikin layukan nan biyu da ya bi ta wajensu. Bas ɗin BRT na titin Ikorodu, babbar bas mai bin hanyarta ta musamman, shi ne nasu.

Na huɗu shi ne wanda ba a cika faɗa ba, domin babu dillalin da zai ci la'ada a kansa: ka zauna inda kake. Ka sayi katin Cowry, wanda da shi ake shiga jirgin, da BRT, da jiragen ruwan gwamnati, ka gwada hanyar na wata guda. Tashi kansa kuɗi ne. Ban da haya akwai kuɗin dillali, kuɗin takardar yarjejeniya, kuɗin ajiya na ɓarna, kuɗin motar kwasar kaya, ga abokan ciniki da suka san wurinka da za ka rasa.

Yadda za ka kwatanta wurare biyu ba shi da wuya. A ce ɗakin kusa da tasha ya fi na nesa da naira 300,000 a shekara. Raba shi gida 12, ya zama 25,000 a wata. Idan kana fita kwana 25, naira 1,000 ke nan a rana. Tambayar ita ce, zama a nesa yana ƙara maka fiye da 1,000 kullum a kuɗin mota, zuwa da dawowa? Idan eh, mai tsadar shi ne mai arha. Ka sa har da kuɗin keken da zai kai ka tasha, domin nan ne lissafin mutane da yawa ke karyewa. Abin da ya rage wa jirgin Abuja armashi a karon farko ke nan: tashoshi da dama sun yi nesa da gidajen mutane, wasu ma babu hanyar kirki zuwa gare su, sai da aka gina hanyoyin kafin a sake buɗe shi.

Saboda haka idan dillali ya ce "minti biyar ne zuwa tasha", ka ce masa ku taka tare. Ka je ranar Litinin da sassafe, ba Lahadi da rana ba. Tashoshin Blue Line da ke titin Badagry a tsakiyar babban titi suke, ta gadar sama ake shiga, sai ka ƙirga har da hawan matakala. An katange layin kuma wuta ce a jikinsa, babu zancen tsallakawa a yanke hanya. Wannan yana da muhimmanci ga mai shago: ciniki yana wajen da matakalar gada ta sauka, ba ko'ina a gefen tasha ba. Shago biyu na iya fuskantar juna, ɗaya fasinja na wucewa ta ƙofarsa, ɗayan kuma katanga ta raba shi da su. A tashoshin da ba a gama ba, ka je ka ga inda ƙafar gadar ta dira da idonka. A gidan kuma ka sunkuya ka dubi gindin bango. Idan ka ga layin gansakuka ya kai gwiwa, ko an ɗaga dokin ƙofa da bulo biyu, ruwan Yuni da Yuli yana shiga ɗakin nan, ko me aka gaya maka.

Dokar haya ta jihar Legas ta 2011 ta hana mai gida karɓar fiye da kuɗin shekara ɗaya daga sabon ɗan haya, sai a unguwannin da ta ware, wato Apapa, Ikeja GRA, Ikoyi da Victoria Island. A yankin da ake jiran jirgi za ka ji ana neman shekara biyu. Kada ka yarda, kuma duk abin da ka biya a ba ka rasit mai sunan mai gida, ba na dillali kaɗai ba. Idan da hali, a rubuta a yarjejeniya nawa za a iya ƙarawa a shekara mai zuwa, domin ranar da jirgi ya fara tafiya, ƙarin haya zai biyo baya.

Masu tunanin sayen fili a Okoko ko Ijanikin don ya yi daraja, wannan sai da lauya da mai safiyo, a bincika takardu a ofishin filaye na Alausa kafin kobo ya fita. Masu tunanin sayen babur don jigilar fasinjan tasha kuma su tuna cewa tun 1 ga Yunin 2022 aka haramta acaɓa gaba ɗaya a Ikeja, Surulere, Eti-Osa, Lagos Mainland, Lagos Island da Apapa, aka ƙara Kosofe, Oshodi-Isolo, Shomolu da Mushin a watan Satumba na shekarar, kuma babur ɗin da aka kama murƙushe shi ake yi. Babban titin Badagry ma yana cikin hanyoyin da aka hana babur da keke hawa. Mai kaya da yawa, buhunan albasa ko kwandunan tumatir, shi ma kada ya sa jirgi a lissafinsa: ƙofar shiga mutum ɗaya take ɗauka, ga matakala, kayansa sai mota.