Gargaɗi ga masu tsofaffin motoci: mai "sifikun Beljiyam" ya yanke min ƙarfen Fijo, ya tafi da rediyon mahaifina

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na yi mako uku ina juya maganar nan a raina, domin ba kowa ke son ya fito bainar jama'a ya ce an yi masa wayo ba. Abin da ya tayar da ni shi ne jiya na sake ganin tallarsa a Facebook, da sabon suna da sabuwar lamba, amma bidiyon shi ne dai wanda ya kama ni. Ba zan faɗi sunansa ba, tunda maganar tana hannun hukuma, kuma ko na faɗa gobe wani sunan zai ɗauka. Salon aikinsa ne ba ya canjawa, shi zan zayyana muku.

Motar Fijo 504 ce, haɗin Kaduna, wadda mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya saya sabuwa fil lokacin yana aikin gwamnati. Duk wanda ya tashi a Arewa ya san matsayin motar nan. A 1968 Faransawa suka fito da ita, daga 1975 kuma aka fara harhaɗa Fijo a masana'antar da ke Kakuri, har ta zama motar ma'aikaci da ɗan tasha da ɗan kasuwa baki ɗaya. Yanzu masu lafiyar jiki sun yi ƙaranci, galibinsu sun ƙare a hanyar ƙauye suna dakon buhuna. Tamu ta tsira ne don tsoho ba ya barin kowa ya taɓa ta. Shekara biyu na yi ina tayar da ita: inji, fenti, kushin, robobin ƙofa. Abu ɗaya ya rage, sauti. Rediyonta Blaupunkt ne mai kaset da maɓallan murɗawa biyu, yana aiki sumul, sai dai sifika a gaba kawai take, in an hau titi ƙarar iska ta danne komai. Burina bai wuce in sa sifika biyu a baya ba, yadda yara za su riƙa jin karatu in mun yi tafiya.

A nan na gamu da tallar. Bidiyo ne na wata tsohuwar Marsandi tana ɗaukar ido, sauti na tashi kamar gidan biki, a ƙasa an rubuta wai ƙwararre ne a kan tsofaffin motoci, kayansa orijina ne 'yan Beljiyam, kuma kuɗin haɗawa kyauta. Kyautar nan ce ya kamata ta sa in tsaya, don banza ba ta kai zomo kasuwa. Ban tsaya ba. Muka koma WhatsApp, ya turo hotunan kwalaye masu sunan Pioneer, sifika mai inci 6 da 9, da amfilifaya da aka rubuta wat 3000 a jikinta. Bakinsa kamar zuma: "Alhaji, irin motarka ba a kai ta wajen yara. Ni da hannuna zan yi maka." Ya ce in tura rabin kuɗi kafin alƙalami don a ware min kaya, naira dubu casa'in. Da na zo turawa sai na ga sunan da ke kan asusun ba shi ne sunan da ya ba ni ba. Ya ce na ƙaninsa ne, nasa yana da matsala. Na tura.

Ba shi da shago. Ya ce ana gyaran shagon, don haka muka haɗu a wata rumfa a bakin titi wadda daga baya na gane aronta ya yi na yini guda. Ya fito da sifika ɗaya ya miƙo min, mai nauyi, ya jona ta a batir da wani rediyo, sauti ya fito tas. Wannan kam orijina ce, ba na ko shakka. Sai ya ce aikin zai ci awa huɗu, in je in yi sallar Azahar in ci abinci, kada in wahalar da kaina da tsayuwa a rana. Na bar masa makulli. Wannan ce wautata ta biyu, kuma ta fi ta farko tsada.

Da na dawo bayan La'asar an rufe komai, an shimfiɗa sabon kafet a kan allon da ke bayan kujera, ƙarƙashin gilashin baya, ga ragar sifiku biyu suna ƙyalli. A dashbod kuma babu Blaupunkt, wani rediyo ne mai fitilu shuɗi da ja. Na ce ina nawa? Ya ce, "Haba Alhaji, ai wancan ya ƙone muna gwadawa, da ma ransa ya kusa fita. Na sa maka sabo ban ƙara ko sisi ba. Gawar tana wajen yarona zai duba ko za ta tashi, gobe ka aiko a karɓa." Ya ƙure murya, mota ta ɗauki ƙara, mutane suka fara taruwa suna yaba motar, ni kuma kunya ta hana ni yin musu a gabansu. Na cika masa kuɗinsa na tafi.

Goben da ba ta zo ba ke nan. Kwana biyu yana ɗaga waya yana cewa yana hanya, a na uku lambar ta daina shiga. A kwana na biyar ina kan hanyar dawowa daga aiki na ji ƙaurin roba, hayaƙi na fitowa daga ƙarƙashin kafet ta gefen direba. Allah ya taimake ni ina da sifana a mota, na cire kan batir kafin wuta ta kama.

Wani dattijo mai wayarin mota a Panteka, wanda tun zamanin mahaifina yake aikin Fijo, shi ya warware min komai. Da ya ɗaga kafet ɗin bayan sai ya yi shiru, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ɗana, wa ya yi maka wannan ta'asar?" An sa giranda an fafe ƙarfen allon baya, ramuka biyu manya, ba ma a daidaita su ba, bakinsu kaca-kaca, ba fenti ba komai. Tartsatsin girandar ya bi gilashin baya ya yi masa ɗigo-ɗigo da ba sa gogewa. Baba, wato dattijon, ya ce ƙarfen nan ba ado ba ne, yana cikin abin da ke riƙe gefen mota da gefe, kuma shi ke raba but da cikin mota. In an fafe shi ba a toshe da kyau ba, ƙura da warin fetur da hayaƙin salansa duk suna samun hanyar shigowa inda yara ke zaune. Ya ƙara da cewa in gode wa Allah ba Marsandi ba ce, domin samfurinta na W123 da na W124, wadda muke kira Bi-but, tankin mansu a tsaye yake a bayan kujerar baya, daidai ƙarƙashin wannan allon. Mai giranda ko mai dogon sukuru da bai san haka ba yana iya huda tanki.

Sifikun da ɗan damfarar ya sa ba irin wadda ya nuna min ba ne. Baba ya ciro ɗaya ya ɗora min a tafin hannu, shafal. Ya sa sukundireba ya ɓalle murfin robar da ke bayanta, wanda daga waje za ka ɗauka maganaɗisu ne babba, sai ga ɗan maganaɗisun gaske a ciki bai fi murfin kwalbar man shafawa ba. 'Yan ƙananan sifikun da ke tsakiya, masu fitar da siririn sauti, ɗaya daga cikinsu ko waya ba ta zuwa gare ta, roba ce kawai aka manna. Sunan kamfanin ma sitika ce, farce na sa ta ɓare. Kamfanin da aka ari sunansa ba shi da laifi a nan, shi ma cutarsa ake yi.

Batun wat 3000 kuwa, lissafi Baba ya yi min a ƙasa da tsinke, kuma ina so kowa ya riƙe shi. In inji na aiki, wutar mota wajen bolt 14.4 take. Fis ɗin da ke jikin amfilifayar guda ɗaya ne, na amfiya 20. In ka ninka 20 da 14.4 za ka samu 288. Ke nan duk tsiya ba za ta ja wutar da ta wuce wat 288 ba tare da fis ya tsinke ba, kuma daga ciki wani kaso zafi yake zama. Kafin a samu wat 3000 na gaskiya sai an ja sama da amfiya 200, abin da altanetar tsohuwar Fijo ko rabinsa ba ta bayarwa. Lambar da ake dubawa ita ce wadda aka rubuta RMS a gefenta, wato ƙarfin da abu ke iya ɗauka a ɗore. Wadda aka rubuta PMPO ko MAX da manyan baƙaƙe a kan kwali ta talla ce. Ko rediyon kirki da aka rubuta masa 50 sau 4, abin da yake bayarwa a ɗore wajen wat 20 ne ga kowace sifika, kuma wallahi ya ishi mota irin tawa. Ban ma buƙaci amfilifaya ba tun farko, shi ya cusa min ita.

Hayaƙin kuma daga wayar wuta ne. Ɗan damfarar ya jawo ta kai tsaye daga batir har but, babu fis ko ɗaya a hanya, alhali ƙa'ida ita ce a sa fis kusa da batir, kada ya wuce kamu ɗaya zuwa biyu daga kansa. Ya zura ta ta wani rami a bangon da ke tsakanin inji da cikin mota ba tare da robar kariya ba, ƙarfe ya yi ta cin rigarta har ta taɓa jiki. Wayar ma kauri ne na roba. Baba ya feɗe ta ya kankare silin da wuƙa, jan ya tafi, fari ya fito: alminiyam ne aka shafa wa jan ƙarfe a sama. Irin wannan ba ta ɗaukar wuta kamar jan ƙarfe zalla, tana saurin zafi, kuma tana rubewa a mahaɗa. Duk inda ya haɗa waya murɗawa ya yi ya naɗe da baƙin salatif. Sifika ɗaya ma a juye ya jona ta, shi ya sa duk ƙarar da ake ji babu nauyi a cikinta, ɗaya na turawa ɗaya na ja, suna kashe wa juna ƙarfi. Da ƙaramin batirin rimot Baba ya gwada: in ka taɓa wayoyin da shi, fatar sifikun biyu ya kamata su yunƙuro waje ɗaya.

Sai da na kwana biyu ina tunani na gane inda ribar mutumin nan take. Sifikun jabu ribarsu kaɗan ce. Rediyon ne abin nema. Tsofaffin Blaupunkt da Becker, irin wanda ke zuwa a Marsandi, masu tara tsofaffin motoci a Turai da sauran wurare suna nemansu ido rufe, domin motar da ke da rediyon zamaninta ta fi daraja. Mu nan muna ganinsu tarkace. Shi ya sa tallarsa take kiran masu tsofaffin motoci kawai, shi ya sa tambayarsa ta farko a WhatsApp ita ce in turo masa hoton dashbod. A lokacin na ɗauka ƙwarewa ce. Bayan na fara ba da labarin, wani abokin aikina ya ce shi ma an yi wa surukinsa haka a kan Bi-but, kalma bayan kalma, har da "ya ƙone muna gwadawa". Kuma don ya zura sabon rediyon sai da ya faɗaɗa ramin dashbod ɗina da zarto, ta yadda ko an dawo min da nawa yau ba zai zauna daram ba sai an yi ciko.

Na kai ƙorafi bankina da rasit ɗin tiransifa, na kuma kai rahoto ofishin 'yan sanda da hotunan hirarmu. Wanda abin ya same shi ya gaggauta, kada ya yi nauyin jiki irin nawa, domin kuɗin ba sa kwana a asusun da aka tura su. Kada kuma ya goge hirar don haushi, ita ce shaidarsa.

Ga wanda ke son sauti a tsohuwar motarsa, abin da Baba ya ce da shi zai yi tun farko mai sauƙi ne. Kafinta ya haɗa 'yan akwatuna biyu na katako a lulluɓe su da yadi kalar kushin, a ɗora a kan allon baya a ɗaure su ta ramukan da masana'anta ta riga ta bari. Tsohon rediyo ya zauna a mazauninsa. In ana son jona waya, akwai 'yar ƙaramar amfilifaya mai Bluetooth da ake ɓoyewa a ƙarƙashin kujera. Ya kuma ja kunnena a kan wani abu: tsofaffin motoci da yawa waya ɗaya ce ke zuwa sifika, ɗayar jikin mota ne. Rediyon zamani ba ya jure haka, kowace sifika sai an ja mata wayoyinta biyu, in ba haka ba ya ƙone. Mai aikin da bai san wannan ba kada ka ba shi makulli. Wanda ya sani ma ka tsaya a kansa, a buɗe kwali a gabanka, ka ɗaga sifikun biyu da hannunka ka ji nauyinsu, kuma duk abin da aka cire daga motarka, ko da sukuru ne, ya shiga but ɗinka kafin ka biya. In ka ga an ɗauko giranda, ka ce a dakata.

Motar tana wajen mai walda yanzu. An samo allon baya daga wata 504 da aka yanka, za a yanko a yi ciko, sai dai an ce dole a cire gilashin baya da kujeru kafin a kunna wuta, kuma sabon fentin da na yi sai an sake taɓa shi. Kuɗin da aka yanka min ya ninka abin da ɗan damfarar ya karɓa. Rediyon kuma akwai alamar da zan gane shi: maɓallin dama ya ɗan tsage an liƙe shi da gam, kuma a bayansa mahaifina ya rubuta ranar da ya sayi motar da jan biro a kan farar takarda. Duk wanda aka kawo wa irinsa a Kaduna, Zariya ko Kano, don Allah ya yi min magana ta akwatin saƙo. Akwai kaset ɗin tafsiri a cikinsa, wanda tsoho ya bari ranar da ya tuƙa ta na ƙarshe.