Na rage wa kwamfutar gida gudu don kuɗin wuta: abin da na gani bayan wata uku

A gidanmu na Kubwa akwai wata tsohuwar kwamfuta da ba a kashe ta. Ita ke ɗaukar hoton kyamarori huɗu na ƙofar gida da tsakar gida, a cikinta kuma muke ajiye hotuna da takardun iyali. Ban taɓa lissafa abin da take ci ba sai da hukumar NERC mai kula da harkar wutar lantarki ta ɗaga farashin wutar Band A, wato rukunin da ya fi samun wuta, zuwa naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024. Daga baya ya koma naira 209.50, amma duk da haka yunit ɗin da muke saya ya daina kai mu ƙarshen wata. Uwargida ce ta fara nuna ta da yatsa: "Maigida, wannan abar taka da ke ruri dare da rana, ba ita ke shanye mana mita ba?"

Sai na shiga Wuse na sayo ƙaramar na'urar auna wuta, irin wadda ake cusawa a soket sannan a jona kaya a jikinta. Ta nuna kwamfutar na jan wat 70 a matsakaici. A lissafi, wat ɗaya da ba ya mutuwa yana cin yunit 0.72 a kwana 30. Ke nan kusan yunit 50 a wata, sama da naira 10,500. Uwargida ta yi gaskiya, ko da yake firiza ta fi ta laifi.

Ƙwaƙwalwar da ke cikin kwamfutar, wato processor, Intel Core i5-4590 ce, gudunta 3.3GHz, tana iya hawa 3.7 idan aiki ya yi yawa. Na shiga BIOS, wato saitin tushe na kwamfutar, na kashe Turbo Boost mai sa ta wannan hawan, sannan a Linux na yi amfani da manhajar cpupower na kafa mata iyaka a 2.0GHz. Mai Windows zai samu makamancin wannan a saitin wuta, inda ake rage iyakar ƙarfin ƙwaƙwalwa ƙasa da kashi 100. Dalilin da ya sa dabarar ke aiki shi ne duk hawan da gudu ya yi sai ya nemi ƙarin ƙarfin lantarki, wato voltage, kuma cin wuta yana tafiya ne da wannan ƙarfin an ninka shi da kansa. Shi ya sa ɗan gudun ƙarshe ya fi kowane tsada.

Awo ya sauko zuwa wat 52. Fankar ta yi shiru, kuma ko a zafin Maris ɗakin bai ɗauki ɗumi kamar da ba. Kyamarori ba su tsallake komai ba. Ragin ya kai kimanin naira 2,700 a wata.

Amma ga inda na sha mamaki. Da na cire kyamarorin na bar ta a zaune, sai na ga wat 38 kafin gyaran, wat 36 bayansa. Ashe kwamfutocin yanzu da kansu suke sauke gudu idan babu aiki, don haka wanda tasa ke zaman banza yawancin lokaci, wahalar shiga BIOS kawai zai sha. Kuma aikin da ke da ƙarshe, kamar matse bidiyon biki, yanzu yana jan lokaci sosai, har ina zargin abin da na rage a wat ina mayar da shi a awanni.

Da na ga haka sai na buɗe cikinta. Akwai katin hoto, wato graphics card, da na saka tun lokacin da yara ke wasanni a kanta, yana zaune ba aikin fari ba na baƙi. Na zare shi, wat 12 suka tafi nan take, da sukundireba kawai. Yanzu tana kan wat 40, wato naira 6,000 da 'yan kai a wata, batirin inbata kuma ya ƙara daɗewa idan an ɗauke wuta da dare.

Wani abokina yana ta matsa mini in sayi ƙaramar kwamfuta mai Intel N100, wadda aka ƙera ƙwaƙwalwarta a kan wat 6. Na san za ta fi, sai dai kuɗinta zai ɗauki shekaru kafin ya dawo daga ragin wuta, wannan kuwa tana nan da ranta. Na'urar awon yanzu tana jone da firiza, gobe kuma injin tura ruwa zan gwada.