Tattakin yini: hanyar tudu ko titin karkara?

Kullum sai an tambaye ni: in za a fita tattaki a ƙungiyance, gara hanyar daji mai tuddai ko titin karkara?

Titi ya fi sauƙi. Ana cin kilomita 4 zuwa 5 a awa, ba ɓatan hanya, sai dai ƙura da ababen hawa. Dole a jeru a gefe, ana fuskantar masu tahowa.

Tudu kuwa, gangarowa ta fi hawa cin gwiwa. Tsakuwa na sulɓewa ƙarƙashin takalmi, na baya na haki, na gaba ya sha kwana ya ɓace. Wanda ya gurɗe, sai an tallabo shi. Amma iskar ƙololuwa, ni dai ta biya ni.

Masu yara da dattawa, titi ya fi musu. Masu ƙwarin ƙafa da jagora, su hau tudu.